Buhun ɗumi a keken jariri: mun ɗauko kaya, mun baro iliminsa

A hunturun farko da muka yi da ɗiyarmu ta fari a birnin Lille, can arewacin Faransa, wata maƙwabciyarmu da ƴaƴanta suka girma ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da leda a hannu. Cikin ledar akwai wani abu kamar buhu mai laushi, cikinsa gashi-gashi, bayansa yadin da ruwa ba ya ratsawa, ga zif ya zagaye shi. Ta ce a shimfiɗa shi cikin keken yarinya a sa ta ciki, sanyi ba zai same ta ba. Faransawa suna ce masa shansiliyar, mu kuwa tun ranar muka raɗa masa suna buhun ɗumi, kuma da wannan sunan zan kira shi a nan.

Na yi godiya na karɓa. Matar ta tsaya bakin ƙofa tana so ta gwada mini yadda ake ɗaura shi, na ce kada ta wahalar da kanta, ai abu ne mai sauƙi. A raina cewa na yi, ni da na yi shekara da shekaru ina karatu, buhu ne zai gagare ni? Na shimfiɗa shi bisa kujerar keken, na ga ya zauna daram, na sa yarinya ciki na ja zif har ƙirji. Igiyoyin ɗaurin keken kuwa, waɗanda ake ratsawa ta kafaɗu da ƙugu, suna can ƙarƙashin buhun, na danne su. Na ga wasu tsagogi a bayan buhun, na ɗauka na shan iska ne.

Kwana tara muka yi a haka. Ran na goma muna saukowa daga bas, tayar gaba ta faɗa tsakanin bakin motar da dakalin titi, keken ya kifa gaba. Kafin in ankara buhun ya sulale da yarinya ciki, sai da ya tsaya a matakin ƙafa, rabi cikin keke rabi a waje. Uwargida ta yi salati ta cafe ta. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba ta yi ba, kukan firgita kawai ta yi. Amma da tayar ta ƙara nutsewa kaɗan, goshinta ne zai fara isa bisa siminti. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ban kawo wannan labari don a tausaya mini ba, laifina ne kuma na amsa shi. Na kawo shi ne saboda bayan abin ya faru na fara lura da kekunan ƴan uwanmu a wuraren suna da taron sallah, na ga ashe ba ni kaɗai ba ne. Wani ya danne igiyoyin kamar yadda na yi. Wata ta ɗaura su ta saman buhun, yaro na yawo a ciki kamar ƙwarya a ruwa. Wata kuma ta ɗaura daidai, amma ta jibga wa yaro riguna huɗu da hula biyu ta shigo da shi ɗakin taro mai ɗumi, ta bar shi a rufe har aka watse. Ra'ayina a taƙaice shi ne: muna da saurin ɗaukar kayan wasu, muna da nauyin tambayar yadda ake aiki da su, kuma in kayan na jarirai ne, wanda ke biyan kuɗin wannan girman kai shi ne wanda bai iya magana ba.

Bari in fara da abin da ya kamata in tsaya in saurara tun ranar farko, kamar yadda wata malamar jinya ta gwada mana daga baya a wurin awon yara na unguwarmu.

Ana ɗaura buhun ne a gida, cikin natsuwa, yaro ba ya cikin keken, don ba a fafe gora ranar tafiya. A taka birki tukuna. A kwance maɗaurin keken gaba ɗaya. Yawancin kekunan yanzu maɗaurinsu reshe biyar gare shi: biyu na kafaɗu, biyu na ƙugu, ɗaya mai fitowa tsakanin ƙafafu, dukansu suna haɗuwa a maɓalli guda bisa cikin yaro. A zuge zif ɗin buhun a buɗe shi, a shimfiɗa ɓangaren baya bisa kujera, wajen kai yana sama. Tsagogin nan da na raina, su ne dukan maganar. Kowace igiya da tsagar da za ta bi ta fito cikin buhun. Na kafaɗu su bi tsagar da ta yi daidai da kafaɗar yaron ko ta ɗan ɗara kaɗan, na ƙugu su bi na gefe, ta tsakanin ƙafafu ta bi tsagar ƙasa. Wannan ta ƙasan ita mutane suka fi mantawa, alhali ita ce ke hana yaro zamewa. A duba kada wata igiya ta murɗe. In buhun yana da aljihu da ake zurawa a kan kujera ta sama, ko ƴan igiyoyin ɗaurewa ta baya, a yi amfani da su, ba ado ba ne.

Sai a sa yaro, a ɗaure shi a jikinsa, cikin buhun, a ja igiyoyin har ya zama yatsa biyu ne kawai ke shiga tsakanin igiya da ƙirjinsa. Bayan an ɗaure ne ake jan zif, kuma zif ɗin ya tsaya a ƙirji, fuska a buɗe, babu wani zare da ke lilo kusa da wuya. A leƙa ƙasa a tabbata gindin buhun ba ya jan ƙasa, ba ya shiga taya, bai rufe birki ba. Daga nan a kama buhun a ɗan fizga a ga ko zai zame. Yaro yana girma, don haka bayan ƴan makonni a sake duba tsagar kafaɗu. Idan kuma tsagogin buhun ba su dace da igiyoyin keken ba, to wannan buhun ba na wannan keken ba ne, ko da an rubuta a jikin kwalinsa cewa yana shiga kowane keke. Jaririn da bai kai kamar wata shida ba, wanda bai fara zama ba, a kwance yake tafiya, kuma nasa buhun ƙarami ne daban. Ba a kwanar da yaro cikinsa da dare, ba a kuma ɗauke shi a kai kujerar mota sai in an yi shi don ita.

Duka wannan bayani bai ci minti biyar ba. Minti biyar ɗin da na hana maƙwabciyata.

To me ya sa na hana ta? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Amsar da na samu ita ce, a wurinmu ilimin rainon jariri ba a takarda yake ba, a hannun mutane yake. Yarinya tun tana shekara shida ko bakwai take goya ƙanenta. An gwada mata yadda za ta sunkuya, yadda za ta ɗora shi a baya, inda zane zai bi ta ƙarƙashin hammata, yadda ake tallafe wuyan sabon haihuwa, yadda ake ƙara majanyi a ɗaure tamau. In ta yi kuskure, akwai kaka ko gwaggo ko matar maƙwabci da za ta daka mata tsawa ta gyara. Kafin ta haifi nata ta yi goyo sau ɗaruruwa a gaban masu gyara. Zane ba ya zuwa da takardar bayani saboda gari duka ya iya shi. Keke kuwa shi kaɗai yake zuwa, ba kaka ba gwaggo. Malaminsa ɗan littafin nan ne da ke cikin kwali, wanda mukan jefar tare da kwalin, in ma keken sabo ne. In na hannu ne, ko littafin babu. Mu maza abin ya fi yi mana yawa, don ba mu yi goyo ba, ba mu kuma son a gan mu muna tambaya a kan kayan jarirai. Sai mu haɗa rashin sani biyu mu tura keke muna taƙama.

Akwai kuma wani abu da goyo ke yi wanda keke ba ya yi, kuma a nan ne haɗari na biyu yake. Uwa mai goyo ba ta bukatar ma'aunin zafi. Bayanta na gaya mata komai. In yaro ya yi zufa ta ji, in jikinsa ya yi zafi ta ji, in numfashinsa ya canza ta ji. Jikinta ne ke ɗumama shi, in ta shiga inuwa ya shiga, in ta ji zafi ta sassauta zane. A keke kuwa yaro yana can gaba, sau da yawa ma ya ba ki baya, tsakaninku akwai rumfa da leda da buhu. Ke kina tafiya kina tura kaya jikinki ya ɗumama, shi yana zaune ba motsi iska na dukansa. Ko kuma ke kin shiga kanti kin tuɓe rigar sanyi, shi yana nan cikin buhu a zuge. Abin da jikinki ke ji daban, abin da nasa ke ji daban.

Mu da muka taso a ƙasar rana, sanyi muke tsoro. Lokacin da surukata ta zo daga Maraɗi ta yi mana wata uku, ba ta yarda a fita da yarinya sai an sa mata riga bisa riga, ga safa biyu, ga hula, ga buhu, ga bargo a sama. Ba ta yi mini magana kai tsaye, kun san kunya, ɗiyarta take gaya wa a inda zan ji: "Ku rufe mini kishiyar nan tawa da kyau, wannan ɗari naku ko babba ya kayar." Gaskiyarta ta wani ɓangare. A Lille cikin Janairu ma'auni na sauka kusa da sifiri da safe, ga iska ga yayyafi. Jariri kuma ya fi babba saurin rasa ɗumi, saboda faɗin fatarsa ya yi yawa in an gwada da nauyinsa, kansa babba ne, kuma sabon haihuwa ba ya iya karkarwar da ke ɗumama jikin babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin sabon haihuwa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ƙasa da haka sanyi ya fara kama shi.

Amma abin da Hajiya ba ta saba da shi ba shi ne, a Turai sanyin a waje yake. Bas na da na'urar ɗumama, jirgin ƙasa na da ita, kanti da asibiti da gidaje duk haka. Cikin fita guda yaro na iya shiga ɗumi ya fita sanyi sau biyar ko shida. Jariri ba ya iya ture bargo, ba ya iya cewa a zuge masa. Likitocin yara sun daɗe da sanya yawan lulluɓi da yawan zafi cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci, shi ya sa a Faransa ake ba iyaye shawarar ɗakin barcin jariri ya tsaya tsakanin digiri 18 da 20, abin da mutumin Maraɗi zai kira ɗari. Buhun ɗumi mai kyau shi kansa rigar sanyi ne, don haka ba a haɗa shi da ƙatuwar rigar sanyi. Ban da zafi, ƙatuwar riga tana sa igiya ta yi kamar ta ɗauru alhali iska ce ta cika tsakani. Da an shiga wuri mai ɗumi a zuge buhun a cire hula, ko da yaro na barci, ko da cirewar za ta tashe shi. Kuma ba a auna ɗumin jariri da tafin hannu ko ƙafa, don su kullum sun fi sauran jiki sanyi. A zura yatsu a bayan wuyansa ko ƙirjinsa. In da ɗumi kuma a bushe, lafiya lau. In da zufa, a rage kaya. In da sanyi, a ƙara.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, don an sha faɗa mini: yo wa ya aike ku? Ku bar keken mana, ku koma ga zanen da iyayenku suka goya ku da shi. Hajiya ma haka ta ce ranar da ta ji labarin bas: "Ɗa a baro kamar buhun albasa, ina dalili? Bayan uwarsa ciwo yake?"

Wannan magana ba ta banza ba ce, kuma ba zan raina ta ba. Turawan da suka ƙera keken su da kansu suna komawa ga goyo. A kantunan kayan jarirai na nan ana sayar da dogon zanen goyo da kuɗi masu yawa, har darasi ake biya a koyi ɗaura shi, abin da ƙanwata ta iya tun ba ta shiga lakwal ba. A fannin likita ma haka. A 1978, a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, Dakta Edgar Rey ya fara sa iyaye mata su ɗora bakwaini a ƙirjinsu fata da fata, saboda kwalaben ɗumama jarirai sun yi kaɗan. Wannan dabara da ake kira rainon kangaru ta bazu a duniya, har a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwa ga bakwaini da jarirai marasa nauyi. Wato jikin uwa ya fi duk wani buhu da aka taɓa ɗinkawa. Wanda ya ce goyo ƙauyanci ne bai san inda duniya ta dosa ba.

Duk da haka ban yarda a ce a jefar da keke ba. Macen da aka yi wa aiki wurin haihuwa ba za ta ɗaura majanyi bisa ɗinki ba. Mai tagwaye fa? Mai ɗa a baya da wani ɗan shekara biyu a hannu, ga cefane, ga tafiyar kilomita biyu zuwa wurin awo, ba ƙanwa ba ƴar aiki? A gida akwai hannuwa goma masu karɓar yaro, a nan daga ke sai mijinki, shi ma yana wurin aiki. Ga kuma santsin ƙanƙara a titi, wanda in uwa ta zame da goyo, bisa yaron za ta faɗa. Sannan a faɗi gaskiya, namijin Bahaushe ba ya goyo da zane, amma yana tura keke. Keken nan shi ya ba ni damar fita da ɗiyata mu biyu uwarta ta samu barcin awa ɗaya. Wanda ya ƙera keken mai naɗewa da ake gani ko'ina yau, Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama ne ɗan Ingila, kuma ya yi shi ne a 1965 bayan ya ga wahalar da ƴarsa ke sha da ƙaton keken jikarsa a tafiya. Kaka ne ya ga wahala ya nemi sauƙi. Laifin ba na keken ba ne. Turai ma tana da ƙa'idar ingancin waɗannan kekuna, EN 1888, wadda ta shafi birki da maɗauri da rashin saurin kifewa. Sai dai babu ƙa'idar da za ta ɗaure yaron da ubansa ya danne igiya ƙarƙashin buhu.

Abin da ya sa na ga maganar ta shafi masu karatu na gida, ba mu ƴan ƙetare kaɗai ba, shi ne abin da na gani da na je hutu. Shekara da shekaru kayan gwanjo na Turai sun yi ta shigowa ta tashoshin jiragen ruwan Kwatano da Lome, kuma cikinsu akwai kekunan jarirai. Ana ganinsu a Katako da sauran kasuwannin Yamai, ana ganinsu a Maraɗi da Damagaram. Mu ma da ke waje muna aikawa da su tsaraba in an yi haihuwa. Keke ya fara shiga kayan suna a wasu gidaje, ana ɗaukar hoto da shi ana sawa a WhatsApp. Da yawa suna isowa da buhun ɗuminsu a maƙale, wasu igiya ɗaya ta tsinke, wasu maɓallin ya karye, wasu birkin ya mutu. Mai sayarwa bai taɓa tura yaro a ciki ba, mai saye ba ta taɓa gani an ɗaura ba. Na ga wata baiwar Allah a wurin biki, cikin Disamba, da hantsi, ta sa jariri cikin irin wannan buhu mai gashin tunkiya ta zuge, ta kuma yafa zane bisa rumfar keken saboda ƙura. Niyyarta kyakkyawa ce. Amma buhun an ɗinka shi ne don garin da ruwa ke daskarewa, ita kuwa tana garin da ko cikin hunturu zafin azahar ke wuce digiri 30. Zanen da ta yafa ya tare iska, cikin keken ya koma kamar tanda. Da na roƙe ta ta buɗe, yaron ya jiƙe sharkaf, fuskarsa ta yi ja.

Ba ina cewa babu sanyi a ƙasarmu ba. Wanda ya kwana a Agadas ko Bilma ko tsaunukan Abzin cikin Janairu ya san ɗari na gaske, wani dare ma'auni na kusantar sifiri. Ko a kudu, asubar hunturu na iya cutar da jariri, balle bakwaini, balle wanda aka yi wa wanka da sassafe a tsakar gida iska na kaɗawa. Shi ya sa ma likitoci ke cewa a jinkirta wankan farko na sabon haihuwa har awa 24. Amma sanyinmu na dare ne da asuba, lokacin da yaro ke ɗaki, ba lokacin yawo da keke ba. Maganinsa hula da safa da jikin uwa da nono. Kuma tunda maganar ɗumama jarirai muke, dole in ambaci kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Gawayi na fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum barcin da ba ya tashi, kuma jariri ya fi kowa rauni a gabanta. Duk tushen abu ɗaya ne da nawa kuskuren: son kare yaro daga sanyi, ba tare da sanin inda kariyar ke komawa cuta ba.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma ba abu ne mai cin kuɗi ba.

Ƴan uwana da ke aika keke gida, kada ku aika shi tsirara. Ku duba igiyoyi biyar ɗin nan da maɓalli da birki kafin ya shiga kwantena. Ku cire buhun hunturun Turai in gidan da za shi ba ya bukatarsa. Ku ɗauki ɗan bidiyo na minti biyu da Hausa kuna gwada yadda ake ɗaure yaro ku tura tare da shi. Muna tura bidiyon biki na rabin awa, wannan ba zai gagare mu ba.

Ƴan kasuwa masu sayar da na hannu, keken da igiyarsa ta tsinke ko birkinsa ya mutu ba kayan sayarwa ba ne, ko da mai saye bai lura ba. Ribar jika biyu ko uku ba ta kai goshin ɗan mutane ba.

Ƙungiyoyinmu na ƴan ƙasa mazauna Faransa da Beljiyam da Jamus, kuna tara kuɗi in an yi rasuwa, kuna haɗa taron sallah, Allah ya saka. Ku ƙara da wannan: duk amaryar da ta iso ko wadda ta yi haihuwar fari, a samu wata da ta kwana biyu a ƙasar ta je ta zauna da ita yini guda kafin sanyi ya shigo, ta gwada mata keke da buhu da kujerar mota da yadda ake sa wa yaro kaya. Aikin gwaggo ke nan, kuma a nan ba mu da gwaggo sai junanmu. A Faransa akwai wuraren kula da uwa da yaro na gwamnati, waɗanda ake kira PMI, tun 1945 aka kafa tsarin, ana duba yara ƴan ƙasa da shekara shida kyauta. Ku je da kekenku ku ce a duba muku ɗaurin. Matambayi ba ya ɓata.

Mu maza kuma, mu sauke girman kai. In mace ta tsaya za ta gwada maka yadda ake ɗaura abu, ko matarka ce ko maƙwabciya ko malamar asibiti, tsaya ka kalla. Digirinka ba ya ɗaure igiya.

Iyayenmu mata da ke zuwa jego ƙasashen sanyi, iliminku muna bukatarsa, kuma ba a maye gurbinsa da littafi. Abin da muke roƙo kawai ku yarda cewa gidan da ke da na'urar ɗumama ba ɗakin soro ba ne cikin hunturu, lissafin lulluɓi ya canza.

Kafin Hajiya ta koma, ita da kanta ta koyi zura igiyoyin. Ta zauna bisa darduma da tabarau a hanci, ta cire buhun ta mayar har sau uku, tana mita tana cewa wannan ai ya fi saƙa wuya. Ranar da za mu raka ta filin jirgi, ni na ɗaure yarinya, amma sai da ta sunkuya ta zura yatsa biyu ƙarƙashin igiyar, ta taɓa bayan wuyan jikarta, sannan ta ce wa ɗiyarta: "Gaya wa Malam ya cire mata hular nan in mun shiga mota." A cikin filin jirgin kuwa ta kwance ta daga keken ta goya ta da zanenta har aka kira su. Ban ce komai ba, na tura keken ba kowa ciki ina biye da su.

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su daga sakacinmu, ya ba mu haƙurin tsayawa mu tambaya.